Ɓarauniyar Ƙofa a Kanel ɗin Linux: Ina Amana Take Tsinkewa Kafin Waya Ta Iso Zuru?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi fargabar da ake yawan nunawa cewa ana iya dasa ɓarauniyar ƙofa a cikin kanel ɗin manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, musamman Linux, wanda Android ke tsaye a kansa. Ta bi diddigin sanannun yunƙurin da aka yi tsakanin 2003 da 2024, sannan ta bi hannuwan da kanel ke ratsawa kafin ya iso wayoyi da na'urorin POS da ake aiki da su a ƙasar Zuru. Matsayarta ita ce ma'ajiyar asali ta Linux ta fi ko'ina tsaro a duk wannan tafiya, kuma haɗarin da ya shafe mu yana ƙasa, inda rubutun da kowa ke iya karantawa ke komawa dunƙulallen fayil da ba mai dubawa.

Gabatarwa



Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke tsakanin ƙarfen na'ura da duk sauran manhajoji. Shi ke raba ma'adana, shi ke yanke hukuncin wace manhaja za ta taɓa kyamara ko makirufo, shi ke hana manhajar wasa leƙa abin da manhajar banki ke yi. Wanda ya mallake shi ya mallaki na'urar ɗungurungum, kuma duk wata manhajar tsaro da ke samansa ba ta ganin komai sai abin da ya ga dama ya nuna mata. Ɓarauniyar ƙofa kuwa hanya ce da aka bari da gangan domin wani ya samu wannan iko ba tare da izinin mai na'ura ba.

Wani zai ce wannan zancen mutanen Amurka da Turai ne. Amma duk mai wayar Android ta Tecno ko itel ko Infinix ko Samsung a kasuwar Zuru yana yawo da Linux a aljihu. Sabbin na'urorin POS da suka cika Ribah da Mahuta da Dirin Daji, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, yawancinsu Android ne a ciki. Haka na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. A yankin da ɗaukar kuɗi a jiki zuwa kasuwar Bena ya zama kasada saboda 'yan bindiga, fatake sun mayar da jarinsu cikin waya. Ke nan dukiyar talaka da ƙuri'arsa suna kan wani rubutu da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, wanda a farkon 2025 ya haura layi miliyan 40.

Alama ɗaya da ta ɓace a 2003

A watan Nuwamba na 2003 ainihin ma'ajiyar Linux tana kan manhajar BitKeeper, ana kuma kwafe ta zuwa wata ma'ajiya ta CVS saboda masu son tsohon tsari. Larry McVoy, mai BitKeeper, ya lura da wani canji a kwafin CVS wanda ba shi da tarihin amincewa irin na sauran canje-canje. Wani ne ya kutsa kwamfutar da ke riƙe da kwafin ya ƙara layi biyu a cikin aikin da ake kira wait4.

Layukan sun yi kama da gyara na kirki: idan aka haɗa wasu zaɓuɓɓuka biyu da ba su dace ba, kuma mai kiran shugaban na'ura ne, a mayar masa da saƙon kuskure. Sai dai a harshen C, alamar daidai guda biyu tana tambaya ne ko abu kaza daidai yake da kaza, alama guda ɗaya kuwa naɗawa take yi. Mai kutsen ya sa guda ɗaya. Maimakon kanel ya tambaya ko mai kiran shugaba ne, sai ya naɗa shi shugaba. Duk wanda ya san waɗannan zaɓuɓɓuka biyu ya samu cikakken iko ke nan.

Canjin bai taɓa shiga ma'ajiyar asali ba, kuma har yau ba a gano wanda ya yi shi ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne yadda aka kama shi. Ba wani mai kaifin ido ne ya karanta ya ga alamar da ta ɓace ba. Da farko ma tambayar da ake yi ita ce daga ina canjin ya fito. Rashin silsila ne ya tona shi. Ana yawan cewa yawan idanu ke kare buɗaɗɗen tushe. A wannan karon dai rajistar wa ya kawo, wa ya karɓa, ita ta yi aikin.

Sauran yunƙurin a taƙaice

A Disamban 2010 wani tsohon ɗan kwangila, Gregory Perry, ya rubuta wa Theo de Raadt, jagoran OpenBSD, wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, cewa hukumar FBI ta biya wasu suka dasa ƙofa a sashen IPsec shekaru goma da suka wuce. De Raadt ya fitar da wasiƙar fili, aka bincike rubutun, aka samu kurakurai aka gyara, ba a tabbatar da ƙofa ba. A ƙarshen Agustan 2011 aka gano an kutsa kwamfutocin kernel.org kansu, wato shafin da ke riƙe da tushen Linux, shafin ya shafe fiye da wata guda a rufe. Tushen ya tsira ne saboda Git, wanda ke ɗaure kowane canji da lambar shaida da aka lissafo daga duk abin da ya gabace shi, ga kuma dubban kwafi a hannun mutane daban-daban. Bayan nan aka tsaurara sa hannun lantarki ga masu kula da sassa.

A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin masu kula da kanel, ya haramta karɓar faci, wato gyaran rubutun tushe, daga Jami'ar Minnesota, bayan wasu masu bincikenta, Qiushi Wu da Kangjie Lu, sun aika faci masu ɓoyayyen aibi da sunayen ƙarya don su gwada ko za a kama. An sake duba gudummawa 435 da ta fito daga jami'ar, mafi yawanta lafiya lau. Masu binciken sun janye takardarsu. Ina jan hankalin ɗalibanmu a nan: gwaji a kan mutane ba da saninsu ba cin amana ne, ko da sunan ilimi aka yi shi.

Da ɗan gari akan ci gari

Abin da ya faru da xz a 2024 ba a cikin kanel ya faru ba, amma ya zo daf da shi, kuma shi ya fi koyar da darasi. Xz ƙaramar manhajar matse fayil ce da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ke kula da ita shekara da shekaru a matsayin aikin sa kai. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka taso Collin a gaba da ƙorafin aiki ba ya tafiya, ya kamata ya samu mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin kula, har ya kai ga shi ke fitar da sabon zubi.

A zubi na 5.6.0 da 5.6.1, na Fabrairu da Maris na 2024, ya dasa ƙofar da za ta bai wa mai wani mabuɗi na musamman damar ba da umarni a kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH, wato hanyar da masu kula da manyan kwamfutocin bankuna da gwamnatoci ke shiga. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, yana gwajin wani aiki daban ya ga shiga SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai kawar da kai ba. Ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya, a lokacin ƙofar tana cikin zubin gwaji na Debian da Fedora, nau'o'in Linux biyu, ba ta kai ga tsayayyun zubinsu ba. A daidai wannan wata akwai faci a kan hanya da zai sa sunan Jia Tan cikin masu kula da sashen xz na cikin kanel. Da asiri ya tonu aka janye shi.

Abu biyu ne suka fi muhimmanci a nan. Na farko, maharin bai fasa katanga ba, zama ya yi a gidan sama da shekara biyu har aka ba shi mabuɗi, kuma abin da ya yi amfani da shi gajiyar mutum ɗaya ce da ba a biyansa. Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin wannan maƙala: an ɓoye dafin ne a cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, sannan umarnin da ke tayar da shi yana cikin ƙunshin da ake rabawa kaɗai, babu shi a ma'ajiyar Git da jama'a ke dubawa. Abin da ake karantawa daban, abin da ake girkawa daban.

Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya hango wannan tun a laccarsa ta karɓar lambar Turing da aka buga a 1984. Ya nuna cewa ana iya gurɓata manhajar da ke juya rubutun tushe zuwa harshen na'ura, ta riƙa dasa ƙofa a abin da take juyawa, ta kuma dasa kanta a magajiyarta, alhali rubutun tushen duka biyun tsaf yake. David Wheeler ya kawo hanyar gano irin wannan ta juya rubutu ɗaya da majuya biyu masu zaman kansu a kwatanta, kuma tun 2013 mutanen Debian ke aikin tabbatar da cewa kowa ya juya tushe ɗaya zai samu fayil iri ɗaya sak. Wannan aiki ya yi nisa a kan kwamfuta. A kan wayoyin da ke hannunmu kuwa mai saye ba shi da irin wannan dama.

Daga ma'ajiya zuwa aljihu

Tunda muna garin da ke da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, bari in ari misali daga gona. Irin dawa ko masara da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar an san asalinsa, an gwada shi, akwai takardunsa. Amma manomin da ya auni iri a mudu a kasuwa, aka ce masa ai ɗan Samaru ne, ingancin aikin Samaru ba ya ba shi tabbacin abin da ke cikin buhun. Tambayarsa ita ce hannu nawa irin ya bi, kuma wa ya gauraya shi da me.

Kanel ɗin wayar Android yana bin aƙalla hannu huɗu. Google na ɗaukar zubi mai dogon tallafi daga ma'ajiyar asali ya ƙara nasa. Kamfanin da ke ƙera guntun lantarki, kamar MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, ya ƙara ɗimbin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan ƙarfen, wasunsu a rufe. Mai ƙera waya, ko wani kamfanin da ya ba kwangila, ya ƙara nasa ya dunƙule. Idan wayar ta rikice, mai gyara a bakin kasuwa ya yi mata filashin da fayil ɗin da ya sauko daga intanet. Dubban masu bitar da ake alfahari da su suna ma'ajiyar asali ne kawai. Daga Android 12 Google ya fara tilasta kanel na bai-ɗaya ga sabbin wayoyi domin rage wannan rarrabuwa, amma direbobin kamfanoni suna nan a gefe, kuma tsofaffin wayoyi abin bai shafe su ba.

A waɗannan hannuwa na ƙasa ne aka samu ƙofofi na gaske a na'urorin da aka sayar wa mutane. A 2016 masu aikin Armbian suka gano cewa kanel 3.4 da kamfanin Allwinner na ƙasar Sin ke rabawa tare da wasu guntayensa, irin su H3 da A83T da ake sawa a allunan hannu da akwatunan talabijin masu araha, yana da wani fayil da duk manhajar da ta rubuta kalmar rootmydevice a cikinsa za ta samu cikakken iko. Bayanin da aka bayar shi ne ragowar kayan gwaji ne da aka manta ba a cire ba. Ko ma dai mene ne, ƙofar a buɗe take ga kowa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Triada. A Yunin 2019 Google ya tabbatar cewa an dasa wannan muguwar manhaja a cikin tsarin wasu wayoyi tun daga masana'anta, ta hannun wani kamfanin kwangila. A Agustan 2020 kamfanin Upstream, ta sashensa na Secure-D, ya ba da rahoton samun ta tare da xHelper a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Tana yi wa mai waya rajistar ayyukan biyan kuɗi ba da saninsa ba, tana cinye masa data da kati, kuma mayar da waya sabuwa ba ya fitar da ita. Transsion, mai Tecno, ya ce daga wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, ya kuma fitar da gyara. Triada ba a cikin kanel take zaune ba, tana hawa ɗaya sama da shi, a cikin manhajojin tsarin. Ga mai waya bambancin ba shi da wani amfani: abin ya zo ne a cikin kwali, da ledarsa.

Sai kuma abin da ba ƙofa ba ne amma aikin ƙofa yake yi. Aibin Dirty COW ya kwana a kanel daga 2007 har 2016 a gaban idon kowa. Aibin da aka fi sani da MediaTek-su, a wani direban MediaTek, an san shi a fili tun 2019, bai shiga sanarwar tsaro ta Android ba sai Maris na 2020, kuma wayar da mai ƙera ta ya daina aika mata sabuntawa har gobe tana ɗauke da shi. Ƙwararren mai dasa ƙofa zai sa ta yi kama da kuskure, kamar na 2003. Shi kuma ɓarawon yau ba ya buƙatar wahalar dasa komai, tunda sanannun ramuka na nan a wayoyin da aka yi watsi da su. A ganina wannan ya fi duk wata ɓoyayyiyar ƙofa barazana ga ɗan kasuwar Zuru.

Ga misali daga dokokinmu. A Agustan 2025 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa na'urorin POS su kasance aƙalla kan Android 10. Mataki ne mai kyau. Sai dai Android 10 ya fito ne a 2019 da kanel 4.9 ko 4.14 ko 4.19, kuma masu kula da ma'ajiyar asali sun daina gyara su a Janairun 2023, Janairun 2024 da Disamban 2024. Na'ura na iya cika sharaɗin bankin tana kan kanel da iyayensa suka sallama, sai fa idan mai ƙera ta ya ɗauki nauyin gyaran da kansa.

Amsoshi biyu da ban yarda da su ba

Wasu na cewa a koma rufaffiyar manhaja tunda akwai kamfanin da za a kama. A Disamban 2015 kamfanin Juniper ya sanar da samun rubutun da ba da izininsa aka sa ba a ScreenOS, manhajar na'urorin tsaronsa: kalmar sirri ta gama-gari, da wani canji da ke ba da damar warware saƙonnin da aka kulle. Ɗaya daga ciki ya kwana tun 2012. Freund ya iya bin jinkirin rabin daƙiƙa har gindinsa ne saboda yana da ikon buɗe komai. Abokin cinikin Juniper ba shi da wannan iko.

Wasu kuma na cewa Najeriya ta ƙera tata manhajar. Damuwarsu tana da tushe, don a Oktoban 2024 an cire wasu masu kula 'yan Rasha daga jerin kanel saboda takunkumi, abin da ya nuna siyasar manyan ƙasashe na shiga har can. Amma Astra ta Rasha da Red Star ta Koriya ta Arewa duk a kan Linux aka gina su. Kuma a 2015 wasu Jamusawa biyu, Florian Grunow da Niklaus Schiess, sun nuna cewa Red Star tana lika wa fayilolin mutane alamar ɓoye domin a san hannun da suka bi. Manhajar ƙasa ba ta kawar da tambayar amana, tana mayar da ita kan gwamnati ne kawai.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da mutanen da za su karance layi miliyan 40, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfinmu yana wurin saye da wurin ba da izini. Lasisin GPL na Linux ya riga ya wajabta wa duk wanda ya raba na'ura mai ɗauke da kanel ya bayar da rubutun tushen da ya yi amfani da shi. Hukumar NCC, da ke tantance kowace irin waya kafin a sayar da ita a ƙasar nan, tana iya mayar da wannan sharaɗi, ta ƙara da cewa a rubuta a jikin kwali ranar da sabuntawar tsaro za ta ƙare. Tarayyar Turai tun Yunin 2025 ta wajabta sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin waya. Za a ce wannan zai ƙara farashi, kuma gaskiya ne. Shi ya sa na tsaya kan bayyana rana tukuna, wanda ba ya cin kuɗin kowa. Babban Banki shi ma gara ya auna POS da ranar facin tsaro na ƙarshe maimakon lambar Android. Gwamnatin Jihar Kebbi da manyan makarantunmu, idan za su sayi alluna ko na'urorin ɗaukar bayanai, su sa tsawon tallafi cikin takardar kwangila.

Masu gyaran waya su ne hannun ƙarshe, kuma su aka fi mantawa. Horon kwana biyu ya isa a koya musu ɗauko fayil daga shafin mai ƙera waya, da gwada lambar shaidarsa kafin filashin, da sake kulle matayar waya bayan an gama, domin idan aka bar ta a buɗe wayar ba ta ƙara tantance abin da take tashi da shi.

Akwai kuma binciken da ɗalibanmu za su iya farawa a zangon karatu mai zuwa ba tare da jiran tallafi ba. Kowace wayar Android tana nuna lambar kanel da ranar facin tsaro a sashen bayanin waya. A nemi izinin masu waya da masu POS a Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji, a rubuta samfuri da guntu da waɗannan lambobi biyu, da ko an taɓa yi wa na'urar filashin, ba tare da ɗaukar suna ko lambar kowa ba, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada. Sai a jera su kusa da jerin sanannun aibobi, a rubuta wa kowane kamfani a nemi tushen kanel ɗinsa, a lissafa wanda ya amsa da wanda ya yi shiru. Sakamakon a aika shi ga hukumomin NCC da NITDA da ngCERT, a kuma rubuta shi da Hausa da C'Lela a kai wa ƙungiyoyin masu POS da masu gyaran waya na waɗannan garuruwa huɗu.